Neman Haihuwa: Shin Irin Kwanciya Tana Sa A Sami Ciki?

A wannan wata filinmu na kiwon lafiya zai taɓo wata magana mai nauyi a baki. Magana ce ta tsakanin miji da mata. Mutane da yawa suna son su yi tambaya a kanta, amma kunya takan hana su. To, matambayi ba ya ɓata, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka za mu yi bayani dalla-dalla, cikin ladabi, don magidanta da matan aure.

Idan aure ya yi 'yan watanni ba a ga ciki ba, sai hankali ya fara tashi. Dangin miji su fara ƙus-ƙus. Ƙawaye da tsofaffi su fara ba da shawara. Cikin shawarwarin da aka fi bayarwa akwai maganar kwanciya, wato yadda za a kwanta lokacin saduwa, da abin da mace za ta yi bayan an gama.

Amsar likitoci gajeriya ce. Irin kwanciya ba ta sa ciki ya shiga, ba ta kuma hana shi shiga. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da aka sadu, da lafiyar miji, da lafiyar mata. Manomi ya san wannan a gonarsa. Ba yadda ya sunkuya wajen shuka ne ke sa gero ya tsiro ba. Abin da ke sa ya tsiro shi ne iri mai kyau, da ƙasa mai kyau, da shuka a kan lokaci.

ABIN DA AKE YAWAN FAƊI

Ga wasu daga cikin maganganun da ke yawo a tsakanin jama'a:

1. Wai ciki ba ya shiga sai mace tana kwance rigingine, miji yana sama.
2. Wai dole mace ta sa matashi a ƙarƙashin ƙugunta.
3. Wai bayan an gama ta ɗaga ƙafafunta ta jingina da bango.
4. Wai idan ta tashi nan da nan, ko ta yi fitsari, ko ta yi wanka, iri ya zube ke nan.
5. Wai idan ta kwanta ta gefen dama za ta haifi namiji, ta gefen hagu kuwa mace.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake irin waɗannan maganganu ba. Har a Turai da Amurka akwai matan da ke ɗaga ƙafa bayan saduwa. Dalilin da ya sa maganar ta karɓu a fili yake. Kowa ya san ruwa gangare yake bi. Sai mutum ya ɗauka cewa haka abin yake a cikin jikin mace. Amma jikin mace ba tulu ba ne da za a karkata shi ruwa ya zube. Don mu gane haka, sai mu duba yadda ciki yake shiga.

YADDA CIKI YAKE SHIGA

A cikin marar mace akwai mahaifa. Kafin ciki, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. Tana da ɗan ƙaramin baki da ke buɗewa zuwa cikin farji. Daga samanta akwai siraran hanyoyi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsawon kowace kamar santimita 10 ne. A ƙarshen kowace hanya akwai ma'ajiyar ƙwai.

Kowane wata, ɗaya daga cikin ma'ajiyun nan biyu takan saki ƙwai guda. Ƙwan ƙarami ne ƙwarai, bai kai ɗigon bakin fensir ba. Sai ya shiga hanya ya nufi mahaifa.

Shi kuma maniyyin namiji ruwa ne da ke ɗauke da ƙwayoyin haihuwa. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da kai da wutsiya, kamar talibambam. Da wutsiyar nan take iyo. Maniyyin da lafiyayyen namiji ke fitarwa sau ɗaya bai cika wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Amma a cikinsa akwai ƙwayoyi miliyoyi masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ma'aunin da ta fitar a shekarar 2021, ta sa miliyan 39 a matsayin ƙaramin adadin da ake sa ran samu. Maza da yawa suna fitar da fiye da miliyan 100.

Da zarar maniyyi ya sauka, ƙwayoyi masu ƙarfi sukan shige cikin wani ruwa mai yauƙi da ke bakin mahaifa. Wannan yana faruwa ne cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Ita ma mahaifa tana yin wani motsi a hankali wanda ke tura su sama. Masu bincike sun taɓa samun ƙwayoyin a cikin hanyoyin ƙwai 'yan mintoci kaɗan bayan an sa maniyyi. A can cikin hanyar ne ƙwaya ɗaya tak za ta haɗu da ƙwan mace. Daga nan sai ƙwan ya gangaro zuwa mahaifa, ya manne a jikinta bayan kamar mako guda. Ciki ya shiga ke nan.

To, ka gani, mai karatu. Ƙwayoyin ba gangare suke bi ba. Iyo suke yi, mahaifa kuma tana taimaka masu. Ko mace tana kwance, ko tana zaune, ko tana tsaye, aikin nan yana tafiya.

KWANCIYA LOKACIN SADUWA

Sharaɗi ɗaya ne kawai: maniyyi ya sauka a cikin farji. Idan wannan ya samu, babu wata kwanciya da ta fi wata. Ko rigingine, ko ta gefe, ko mace a sama, duk ciki yana iya shiga. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta ƙasar Amurka ta duba binciken da aka yi a kan wannan magana. A bayanin da ta fitar a shekarar 2022, ta nuna cewa babu wata shaida da ke nuna irin kwanciya tana ƙara samun ciki.

Saboda haka miji da mata su zaɓi abin da ya fi masu sauƙi. Mai ciwon baya, ko mai ciwon gwiwa, ko mai ƙiba, kada ya wahalar da kansa. Idan wata kwanciya tana sa mace jin zafi, a sauya ta. Idan kuwa kullum tana jin zafi a can ciki, ko tana ganin jini bayan saduwa, wannan alama ce da ya kamata a kai asibiti.

Wasu matan akan gaya masu a wurin hoton ciki cewa mahaifarsu ta karkata baya. Sai hankalinsu ya tashi. Kusan mace ɗaya cikin biyar haka mahaifarta take. Halitta ce, kamar yadda wani yake bahago. Yawancin irin waɗannan mata suna haihuwa lafiya lau, kuma ba su bukatar wata kwanciya ta daban.

Gamsuwar mace a wurin saduwa haƙƙinta ne, kuma tana ƙara zaman lafiya a gida. Amma ciki yana iya shiga ko da ba ta kai ga gamsuwa ba a wannan daren. Kada ta zargi kanta a kan haka.

BAYAN AN GAMA

Abin da ya fi damun mata shi ne ruwan da ke fitowa bayan saduwa. Mace takan ce, "Ai ni jikina ba ya riƙe maniyyi, shi ya sa ban samu ba." Uwargida, kwantar da hankalinki. Wannan yana faruwa ga kusan kowace mace, har da mai 'ya'ya goma.

Ga dalili. Lokacin da maniyyi ya fito yana da kauri. Bayan minti 15 zuwa 30 sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa. Shi wannan ruwan aikinsa ɗauko ƙwayoyi ne kawai ya kawo su bakin mahaifa. Kamar jaki ne da ya kai taki gona. In ya sauke kaya sai ya juyo, taki kuwa yana gona. Abin da ke fitowa ruwa ne tare da ƙwayoyin da ba su sami shiga ba. Masu ƙarfin sun riga sun wuce.

To, kwanciya na ɗan lokaci fa, tana da amfani? Likitoci a ƙasar Holan sun gwada wannan har sau biyu. Sun gwada ne a kan matan da ake sa wa maniyyin mazajensu a cikin mahaifa da wani siririn bututu a asibiti. Aka raba matan kashi biyu. Kashi ɗaya suka kwanta minti 15, ɗaya kashin suka tashi nan take. A gwajin farko, wanda aka buga a 2009, waɗanda suka kwanta sun fi samun ciki. Sai aka sake wani gwajin da mata masu yawa fiye da na farko, aka buga shi a 2017. A wannan karon kwanciyar ba ta ƙara komai ba. Kuma dukan gwajin biyu a kan aikin asibiti ne, ba saduwar gida ba.

Saboda haka idan mace tana son ta huta minti 10 ko 15, ta huta, babu laifi. Idan kuma yaro ya yi kuka, ko wani uzuri ya taso, ta tashi abinta. Ba ta yi asarar komai ba. Ɗaga ƙafafu a bango da kwana a kan matashi wahala ce kawai.

Fitsari ma ba ya wanke maniyyi. Ƙofar fitsari daban, ƙofar haihuwa daban. Macen da ke yawan fama da zafin fitsari ma akan ba ta shawara ta yi fitsari bayan saduwa.

Haka kuma wankan janaba da tsarki ba su hana ciki. Wanke waje da ruwa mai tsabta ya isa. Abin da ba a so shi ne ɗura ruwa, ko sabulu, ko ruwan magani a can ciki. Yin haka yana kashe ƙwayoyin halitta masu tsaron wurin, ya buɗe wa cuta hanya.

Akwai kuma gargaɗi ga masu son hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Tunda tashi ba ya zubar da iri, to tsalle, ko tsuguno, ko wanka bayan saduwa ba su hana ciki. Mai son tazarar haihuwa ta je asibiti a ba ta hanyar da ta dace.

NAMIJI KO MACE?

Kwanciya ta dama ko ta hagu ba ta zaɓen jinsin jariri. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum. Ƙwayoyin namiji ne suke iri biyu. Kusan rabinsu masu ba da ɗa namiji ne, rabi kuma masu ba da 'ya mace. Wadda ta riga shiga ƙwai, ita ce ta yanke magana. Miji ba shi da ikon zaɓe, matar ma haka.

Wannan ya nuna cewa kuskure ne a tsangwami mace don tana haihuwar 'ya'ya mata. Babu abin da ta yi, babu kuma abin da ta kasa yi. Da namiji da mace duk kyauta ce ta Allah.

LOKACI SHI NE BABBAN ABU

Yanzu mun zo kan abin da yake da amfani na gaske. Ba kowace rana ce mace take iya ɗaukar ciki ba. Ƙwanta yana rayuwa ne awa 12 zuwa 24 kacal bayan ya fito. Su kuwa ƙwayoyin namiji suna iya zama da rai a jikinta har kwana 5, suna jiran ƙwai.

A shekarar 1995 wasu masu bincike a Amurka suka buga sakamakon aikin da suka yi da mata 221 masu neman ciki. Sun gano cewa duk cikin da aka samu ya shiga ne ta saduwar da aka yi a cikin kwana 6. Su ne kwana 5 kafin fitowar ƙwai, da ranar da ya fito. Waɗannan kwanaki shida su ne damina. Wanda ya yi shuka a cikinsu yana iya sa rai. Wanda ya bari suka wuce sai ya jira wani wata.

Yaya mace za ta gane kwanakin? Akwai hanya biyu masu sauƙi.

Hanya ta farko ita ce lissafi. Ranar da jinin al'ada ya fara zuwa, ita ce rana ta 1. A ci gaba da ƙirga har ranar da jini na gaba ya zo. Ƙwai yakan fito kamar kwana 14 kafin jini na gaba. Ga misali:

Mai ganin al'ada duk bayan kwana 28: ƙwai yakan fito wajen rana ta 14. Kwanakinta su ne daga rana ta 9 zuwa ta 14.

Mai ganin al'ada duk bayan kwana 32: ƙwai yakan fito wajen rana ta 18. Kwanakinta su ne daga rana ta 13 zuwa ta 18.

Mai ganin al'ada duk bayan kwana 25: ƙwai yakan fito wajen rana ta 11. Kwanakinta su ne daga rana ta 6 zuwa ta 11.

A nan ne karatu da rubutun da aka koya a aji za su yi rana. Uwargida, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo kowane wata. Bayan wata uku ko huɗu za ki san lissafin jikinki. Ranar da za ki je asibiti ki tafi da littafin, zai taimaki likita ƙwarai. Amma a tuna jiki ba agogo ba ne. Ƙwai yana iya riga lissafi ko ya makara da 'yan kwanaki.

Hanya ta biyu ita ce lura da jiki. Idan fitowar ƙwai ta kusa, mace takan ga wani ruwa garai-garai mai santsi a gabanta. Yana da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai ko ruwan kuɓewa. Ba shi da wari, ba ya ƙaiƙayi. Wannan ba ciwon sanyi ba ne, kada a sha masa magani. Shi ne ruwan da ƙwayoyin namiji ke iyo a cikinsa. Kwanakin da aka gan shi su ne mafi kyau.

Idan lissafi ya yi wuya, ga hanya mafi sauƙi duka. Daga ɗaukewar jini, a riƙa saduwa duk bayan kwana biyu ko uku har ƙarshen wata. Mai yin haka da wuya kwanakin nan su kuɓuce masa. Wasu maza sukan ƙaurace wa iyali na makonni wai don maniyyi ya taru ya yi ƙarfi. Wannan ba ya taimakawa. Ƙwayoyin da suka daɗe a ajiye ƙarfin iyonsu raguwa yake yi.

CI-RANI DA RABON KWANA

Akwai abubuwa biyu a zamanmu na karkara da suka shafi wannan lissafi.

Na farko shi ne tafiye-tafiye. Magidanta da yawa suna fita ci-rani bayan an kawar da amfanin gona. Wasu direbobi ne, wasu fatake, wasu masu kiwo. Mutumin da ke zuwa gida kwana biyu a wata yana iya zuwa kullum a ranakun da ba na ɗaukar ciki ba. Sai a shekara ana cewa matarsa juya ce, alhali lafiyarta ƙalau. Idan ana neman haihuwa, maigida ya yi ƙoƙari zuwansa ya dace da kwanakin iyalinsa.

Na biyu shi ne rabon kwana. Mai mata huɗu da ke yin kwana bibbiyu, kowace mace takan jira kwana 6 kafin girki ya dawo kanta. A wani watan kwanakinta shida suna iya faɗawa cikin wannan jira. Saboda haka ciki yana iya ɗan jinkiri a irin wannan gida ba tare da wani ciwo ba. Sanin haka zai rage zargi da gori tsakanin abokan zama. Idan akwai fahimta, ana iya yin musayar kwana da yardar mai kwanan.

ABUBUWAN DA KE HANA CIKI DA GASKE

Yayin da ake ta fama da matashi da ɗaga ƙafa, sau da yawa ainihin matsalar tana wani wuri. Ga manyan cikinsu:

Ciwon sanyi na saduwa. Idan ba a yi maganinsa sosai ba, yana hawa ya toshe hanyoyin ƙwai na mace. Yana kuma iya toshe hanyar maniyyi ta namiji. Mace tana iya ɗauke da shi ba ta ji komai ba. Dole a yi wa miji da dukan matansa magani lokaci ɗaya, kuma a shanye maganin duka.

Cuta bayan haihuwa ko ɓari. Zazzaɓi, da ciwon mara, da ruwa mai wari bayan haihuwa ko ɓari ba abin zama a gida ba ne. Irin wannan cuta tana sa macen da ta taɓa haihuwa ta kasa sake samu.

Tsargiya. Cutar fitsarin jini da ake ɗauka a kududdufi da madatsun ruwa tana iya taɓa mahaifa da hanyoyin ƙwai. Akwai maganinta a asibiti.

Cushe-cushe. Sa kanwa, ko gishiri, ko garin magani, ko kayan matsi a cikin farji yana ƙona wurin. Yana kawo gyambo da tabo. Yawu ma yana rage ƙarfin iyon ƙwayoyin namiji.

Yankan gishiri. A wasu wurare akan kai macen da ba ta haihu ba wurin wanzami ko ungozoma a yanke ta. Wannan yanka ba ya kawo haihuwa. Abin da yake kawowa shi ne zubar jini, da cuta, da yoyon fitsari.

Matsalar namiji. Ƙarfin saduwa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum yana iya zama ƙaƙƙarfa, amma ƙwayoyinsa kaɗan ne ko ba su motsi. Hangum da ya kama mutum bayan balaga ya kumbura masa maraina yana iya jawo haka. Taba, da giya, da ƙwayoyin maye suna rage su. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage su na ɗan lokaci, domin jiki yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya haɗa sababbi.

Shayarwa. Mace mai shayarwa dare da rana, wadda jininta bai dawo ba, ƙwanta yakan yi jinkirin fitowa. Wannan ba ciwo ba ne, hutu ne ga jikinta.

Shekaru. Samun ciki yana raguwa ga mace bayan shekara 35, ya ƙara raguwa sosai bayan 40.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

Kada a yi gaggawar yanke ƙauna. Ko ga lafiyayyun ma'aurata, ba kowane wata ake dacewa ba. Cikin ma'aurata 100 da ke saduwa a kai a kai, fiye da 80 sukan sami ciki a shekarar farko. Cikin waɗanda suka rage, kusan rabi sukan samu a shekara ta biyu. Don haka amaryar wata uku ko wata shida ba ta makara ba.

Amma haƙuri ba ya hana neman magani. A je asibiti idan:

1. An shekara guda ana tare, ana saduwa, ba a sami ciki ba.
2. Matar ta kai shekara 35, kuma an yi wata 6 ba a samu ba.
3. Al'ada ba ta zuwa, ko tana zuwa barkatai, ko da ciwo mai tsanani.
4. An yi ɓari sau biyu ko fiye a jere.
5. Miji yana da kumburi ko ciwo a maraina, ko matsala wajen saduwa.

Wannan matsala ba ta gida ɗaya ba ce. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ba abin kunya ba ne.

Maigida, wannan kira naka ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kusan rabin gidajen da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala ta wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Gwajin namiji kuwa shi ne mafi sauƙi da araha. Maniyyi kawai zai bayar a ɗan kwalba a duba da madubin likita, babu allura, babu yanka. Haihuwar da mutum ya yi shekarun baya ba ta nuna cewa yau ma lafiya yake. Kafin a yi maganar saki ko ƙarin aure saboda haihuwa, a fara zuwa a duba mutum biyun. Sau da yawa an saki mace a kan ba ta haihuwa, ta auri wani ta haihu.

A fara da asibitin da ke kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibiti. Akwai likitocin mata a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Wasu matsalolin da ƙwayar magani kawai ake warware su. A guji masu tallar maganin haihuwa a kasuwa da tasha, waɗanda ba su duba kowa ba amma suna da maganin kowa.

Mace mai neman ciki ta tambayi malaman asibiti ƙwayar folik asid. Ana so ta fara shanta tun kafin ciki ya shiga, domin tana kare jariri daga wata naƙasa ta ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Ta kuma riƙa cin abinci mai gina jiki, irin su wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, nono da kifi.

ABIN TUNAWA

1. Babu kwanciyar da ta fi wata wajen samun ciki.
2. Fitar ruwa bayan saduwa ba ciwo ba ne.
3. Tashi, da fitsari, da wanka ba su hana ciki.
4. Kwana 6 ne a wata mace ta fi ɗaukar ciki. A koyi lissafinsu, a rubuta.
5. Kada a cusa komai a gaba, kada a yarda da yankan gishiri.
6. Bayan shekara guda, miji da mata su je asibiti tare.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyalinsa. Malamai mata na azuzuwan manya su tattauna shi da ɗalibansu. Allah Ya ba masu nema zuriya mai albarka, Ya raya waɗanda aka samu. Amin.